Shin in biya kuɗin shiga kulob don in sami abokai da hanyar aiki?

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne ɗan shekara 39, ina da mata da 'ya'ya uku. Shekara biyu ke nan da na bar aikin albashi na buɗe ɗan ofishina na duba wa kamfanoni lissafin kuɗi da haraji, kuma saboda wannan aikin muka koma wani babban birni inda ba mu da dangi. Aiki yana tafiya, amma a hankali. Wani tsohon abokin aikina mamba ne a wani kulob da ba a shiga sai wanda mambobi suka gabatar, kuma ya ce zai tsaya mini. A cewarsa, a can ne manyan mutane suke haɗuwa, kuma wanda ba a ganinsa a irin wannan wuri ba a tunawa da shi idan aiki ya taso. Kuɗin shiga da na shekarar farko za su cinye kusan rabin abin da muka tara. Mai ɗakina ba ta yarda ba. Ta ce almubazzaranci ne, kuma ɗan lokacin da nake samu da yara ma zai tafi. Ina jin kunyar in ce wa abokina a'a bayan ya nuna mini karamci. Gaskiya kuma kaɗaici ya dame ni, domin tun da muka zo ba ni da wanda zan zauna mu yi hira da shi bayan aiki. Mene ne shawararku?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na lura ka ajiye maganar kaɗaici a ƙarshen wasiƙarka, bayan ka gama bayanin aiki da kuɗi, alhali a ganina ita ce ta fi nauyi a zuciyarka. Buƙatu biyu kake ɗauke da su, wato abokan zama da abokan ciniki, kuma abokinka ya nuna maka ƙofa ɗaya ya ce duka biyun suna bayanta. Mai yiwuwa suna nan ɗin, amma kowace da irin hanyar da ake bi a same ta, kuma idan ba ka raba su a ranka ba kafin ka biya, za ka iya fitowa ba ka sami ko ɗaya ba.

Kada ka ji nauyin cewa kaɗaici ya dame ka. Mutum ya bar inda aka san shi, ya bar ofis mai cike da abokan aiki ya koma shi kaɗai a bayan tebur, dole ya ji abin da kake ji. Ƙungiyar Rotary, wadda yau take da rassa a kusan ko'ina a duniya, daga irin wannan hali ta samo asali. Wani lauya mai suna Paul Harris ne, wanda ya tashi a ƙaramin gari ya sami kansa baƙo a birnin Chicago na Amurka, ya tara abokai uku a watan Fabrairun 1905 domin su riƙa haɗuwa a ofisoshin juna bi da bi, su yi zumunci kuma su taimaki sana'ar juna. Saboda haka burinka ba sabon abu ba ne, kuma ba abin raini ba ne. Abin da ya rage shi ne a duba ko wannan kulob ɗin, a wannan lokaci, da wannan kuɗi, shi ne maganin.

Ya kamata ka san ainihin abin da kuɗinka zai saya. Kulob ba ya sayar da abota, ba ya kuma sayar da kwangila. Abin da yake bayarwa shi ne wurin da fuskoki iri ɗaya suke dawowa mako bayan mako, an tace su tun daga ƙofa, ta yadda za ka iya yi wa wanda ke kusa da kai magana ba tare da ya ɗauke ka a matsayin mai kutse ba. Wannan abu ne mai daraja, domin yawan haɗuwa ba tare da an shirya ba shi ne yake haifar da sabo, shi ya sa ma aka fi yin abokai a makaranta da wurin aiki. To amma sabon yana cin lokaci fiye da yadda mutane suke zato. Wani malami a Jami'ar Kansas, Jeffrey Hall, ya fitar da bincike a 2018 da ya ƙiyasta cewa ana buƙatar kamar awa 50 tare da mutum kafin sanayya ta zama abota ta sama-sama, kamar awa 90 kafin ta zama abota sosai, sannan fiye da awa 200 kafin a kai ga aminci. Kai ma'abocin lissafi ne, don haka ka buga da kanka: idan awa biyu kake samu a mako, kuma da mutum ɗaya kake zama duk lokacin, sai ka shafe kusan wata shida kafin ka haye matakin farko, kusan shekara biyu kafin ka kai na ƙarshe. Katin zama mamba ba ya rage ko awa ɗaya daga cikin waɗannan. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma a nan ma haka abin yake. Tambayar da nake so ka amsa wa kanka da gaskiya ita ce, a makonka na yanzu, da ofis sabo da yara uku, daga ina waɗannan awoyin za su fito?

Ta fuskar aiki kuwa, abokinka yana da gaskiya a wani ɓangare, kuma ba zan ɓoye maka wannan ba don kawai ina jin tausayin ajiyarku. A wani bincike da ya fito a farkon shekarun 1970, wani masanin zamantakewa, Mark Granovetter, ya tambayi ma'aikata ƙwararru a wani gari kusa da Boston yadda suka sami aikin da suke yi. Daga cikin waɗanda suka samu ta hannun wani da suka sani, ƙasa da kashi 17 cikin ɗari ne suka ce mutumin wanda suke gani a kai a kai ne. Sauran duk ta hannun wanda suke gani jifa-jifa ne, ko ma wanda da wuya su haɗu. Dalilin a bayyane yake: aminanka sun san abin da ka sani, sun san waɗanda ka sani, amma wanda kuke gaisawa kawai yana yawo a cikin wasu mutane daban, yana jin labarin da ba zai taɓa iso ka ba. Kulob wuri ne da ake tara irin wannan sanayya da yawa cikin sauƙi, kuma ga mai sana'a irin taka, wadda amana ce jarinta, babu tallar da ta kai mutum ya ce wa ɗan'uwansa, na san wani, ka neme shi.

Sai dai akwai abubuwa biyu da abokinka bai faɗa maka ba, wataƙila don shi ma bai tsaya ya duba su ba. Na farko, yawancin kulob-kulob masu mutunta kansu ba sa son a mai da ɗakunansu kasuwa. A da yawa daga cikin tsofaffin kulob na Landan an hana baza takardun aiki ko amsa waya a ɗakunan zama, kuma ko inda ba a rubuta dokar ba, mambobi suna saurin gane wanda ya shigo farauta, su kuma janye jiki daga gare shi cikin ladabi. Aikin da yake fitowa daga irin wannan wuri yakan zo ne a makare, bayan an daɗe ana ganin halinka, kuma sau da yawa ta hannun wanda ba ka zata ba. Wanda ya zuba rabin ajiyarsa yana jiran ta dawo cikin wata shida ba zai iya zama da natsuwar da wurin yake buƙata ba, domin buƙatarsa za ta riƙa bayyana a fuskarsa da maganarsa. Na biyu, kalmar manyan mutane ba ta gaya maka komai game da ko su ne masu ɗaukar irinka aiki. Shugaban babban kamfani yana da manyan ofisoshin binciken kuɗi da ya daɗe yana hulɗa da su, kuma da wuya ya sauya don ya ji daɗin hira da kai. Wanda yake neman ƙaramin ofis mai riƙon amana shi ne mai matsakaicin kamfani da ya fara girma har lissafinsa ya fi ƙarfinsa. Idan irin waɗannan ba su da yawa a kulob ɗin, za ka iya sanin kowa a ciki ba tare da ofishinka ya ƙaru da komai ba.

Ka kuma bincika wane irin kulob ne, domin sunan ɗaya ne amma halayensu sun bambanta ƙwarai. Akwai na gargajiya irin White's na Landan, wanda aka kafa a 1693 kuma har yau maza kaɗai yake karɓa, ko Garrick na 1831, wanda sai a 2024 mambobinsa suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da shigar mata. Akwai na zamani irin Soho House, wanda ya fara a 1995 domin masu harkar fim da kafafen watsa labarai, inda kamfani ne yake gudanar da wurin don riba. Akwai kuma waɗanda aka gina a kan wasanni, da filin wasa da wurin iyo, inda iyali gaba ɗaya suke zuwa. Bambancin ya shafe ka kai tsaye. Kulob da mambobi suka mallaka yakan ba ka murya a taro, amma yana iya ɗora maka ƙarin kuɗi idan gini ya buƙaci gyara. Wanda kamfani ya mallaka kuwa yana iya ƙara farashi ko ya cika wurin da sababbin mutane ba tare da ya tambaye ka ba. Wanda kuma yake maraba da mata da yara zai iya sauya duk wannan muhawara da ke tsakaninka da mai ɗakinka.

Bari in daɗe kaɗan a kan maganarta, domin ina ganin ba ka saurare ta har ƙarshe ba. Ajiyar nan ba taka ba ce kai kaɗai, ko da kai ne ka nemo kuɗin, domin da haƙurinta da tattalinta aka tara su, kuma ita ce garkuwar gidan tun ranar da ka bar albashin da yake zuwa kowane ƙarshen wata. Mai ofishi ɗan shekara biyu yana iya wayar gari babban abokin cinikinsa ya tafi, ko a riƙe masa kuɗi wata uku. A irin wannan hali, taɓa rabin ajiya domin abin da amfaninsa ba shi da ranar zuwa babban al'amari ne, kuma ba na ganin tsoronta a matsayin rashin hangen nesa. Ka ƙara da cewa kuɗin da aka faɗa maka ba su ne ƙarshe ba. Kuɗin shiga galibi ba a mayar da su idan ka fita, na shekara suna hawa, wasu wuraren suna wajabta wa mamba ya kashe wani adadi a ɗakin cin abinci ko ya je ko bai je ba, sannan ga sutura, ga karɓar baƙi, ga gudummawar da za a riƙa nema wadda kunya ba za ta bar ka ka ƙi ba a tsakiyar mutanen da suka fi ka samu.

Amma akwai abin da ya fi kuɗi a cikin maganarta. Ita ma ta bar danginta da ƙawayenta ta biyo ka wannan birni, kuma mai yiwuwa kaɗaicin da take ciki ya fi naka, tunda kai aƙalla kana fita kana ganin mutane. Ka duba yadda shawarar take a idonta: za a ɗauki kuɗin gida a sayo wa mutum ɗaya maganin ciwon da su biyu suke fama da shi, kuma maganin zai ƙara raba shi da gida da yamma. Na fi zaton ba ka taɓa gaya mata cewa kaɗaici ne yake tura ka ba, ka dai tsaya a kan hujjar aiki saboda ita ta fi sauƙin faɗa. Ka gaya mata abin da ka gaya mini a jimlar ƙarshe ta wasiƙarka, ka kuma tambaye ta yadda ita take ji. Idan tana da wata fargaba game da yanayin wurin, kamar shaye-shaye ko caca ko raba dare, ka bar ta ta faɗa a fili, domin wasu wuraren rayuwarsu duk a kan haka take, wasu kuwa ba haka ba, kuma ido ne kaɗai zai raba wannan gardama.

Shi kuma abokinka, ka kyautata masa zato. Gabatar da mutum a kulob ba ƙaramin abu ba ne, domin mai gabatarwa yana jingina sunansa ne da naka, yakan nemo mamba na biyu ya mara masa baya, sannan kwamiti ya zauna a kan sunanka, wani lokaci bayan dogon jira. Daidai wannan ne ya sa bai kamata kunya ta yanke maka shawara ba. Cewa a dakata tun kafin a shigar da sunanka abu ne mai sauƙi da ba ya zubar da mutuncin kowa. Abin da zai ba shi kunya da gaske shi ne a karɓe ka, sannan bayan shekara ɗaya ka kasa biyan kuɗi a cire sunanka. Ka ce masa ka ji daɗin wannan karamci, kana so ka san wurin sosai kafin ya sa sunansa a kanka, kuma kana roƙon ya riƙa gayyatarka a matsayin baƙo na ɗan lokaci. Mutumin kirki zai ƙara ganin girmanka da wannan magana.

Shawarata ke nan a fili: kada ka biya a bana, kuma kada ka biya daga ajiyar gida ko da bashi a kowace shekara. Ka ba kanka kamar wata uku na gwaji, gwargwadon yawan ziyarar da dokar wurin ta yarda wa baƙo. Ka je a lokuta daban-daban, kada ka tsaya ga daren biki da aka ƙawata wurin, domin yammacin ranar aiki ce za ta nuna maka ko akwai mutane ko kujeru ne kawai. Ka lura ko mambobi suna yi wa baƙuwar fuska magana, ko kowa yana manne da tsofaffin abokansa. Ka tafi da mai ɗakinka aƙalla sau ɗaya idan an yarda, ka saurari abin da ta gani wanda kai ba ka gani ba. Ka nemi kundin dokoki da cikakken jerin kuɗaɗe a rubuce, ka tambayi yadda kuɗin shekara ya hau a shekarun baya, da ko ana iya biyan kuɗin shiga kashi-kashi, da ko akwai rukunin mamba mai rahusa, da yadda ake fita. Idan ka sami wanda ya taɓa zama mamba ya bari, hirar minti goma da shi za ta fi maka duk takardun talla. Bayan haka ka yi wa kanka tambaya ɗaya: da a ce shekara biyu za su wuce ba ka sami ko abokin ciniki ɗaya daga wurin ba, za ka ji cewa zaman da ka yi a can ya cancanci kuɗin? Idan amsar e ce, kuma ribar ofis za ta iya biya bayan kun ware abin da zai riƙe gida na aƙalla wata shida, to ka shiga da farin ciki. Idan amsar a'a ce, to talla kake son saya, kuma akwai tallar da ta fi wannan araha da saurin amfani.

Kafin lokacin kada ka zauna jira, domin kana riƙe da abin da kusan kowace ƙungiya take nema ba ta samu ba, wato mutumin da ya iya lissafi kuma ake iya ba shi amana. Ƙungiyar masu sana'arka, da cibiyar 'yan kasuwa ta birnin da kake, da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, da ƙungiyoyin hidima irin Rotary ko Lions, da kwamitin iyaye na makarantar yaranka, duk suna haɗuwa a kai a kai, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar na kulob ba. Ka zaɓi ɗaya ko biyu kawai, ka yarda a ba ka ma'aji ko mai binciken kuɗi. Wanda ya ga yadda ka tsara asusun ƙungiya cikin tsabta ya riga ya ga aikinka da idonsa, kuma wannan shaida ta fi duk abin da za ka faɗa game da kanka a teburin hira. Ka kuma koma ga mutanen da ka riga ka sani, tsofaffin abokan aiki da waɗanda ka taɓa yi wa hidima a wurin aikinka na da, ka riƙa kiran biyu ko uku a mako don gaisuwa, domin su ne ainihin irin sanayyar da Granovetter ya gano tana kawo aiki, kuma da yawansu ba su ma san ka buɗe ofis ba. Domin zuciyarka kuwa, ku fara gayyatar iyali ɗaya zuwa gida sau ɗaya a wata, ko maƙwabta ko iyayen abokan yaranku, ta yadda kai da mai ɗakinka za ku yi sababbin mutane tare.

Idan daga baya ka shiga kulob ɗin, ka tsayar da rana ɗaya da lokaci ɗaya a mako wanda kuka amince da shi a gida, ka riƙa zuwa ba fashi har a saba ganinka. Ka shiga wani ƙaramin rukuni a ciki, na wasa ko na karatu ko kwamiti, domin a nan ake sanin juna, ba a babban zaure ba. Ka riƙe sunayen ma'aikatan wurin ka girmama su, ka bar katin ofishinka a aljihu sai an tambaye ka, kuma idan ka ga inda za ka haɗa mutum biyu da za su amfani juna, ka haɗa su ba tare da ka jira lada ba. Wata ɗaya kafin lokacin sabunta rajista, ku zauna da mai ɗakinka ku ƙirga sau nawa ka je da kuma mutum nawa za ka iya kira idan kana cikin damuwa, sannan ku yanke shawarar shekara ta gaba tare.

A wannan makon dai abu biyu nake so ka yi. Ka fara da zama da ita bayan yara sun kwanta, ka gaya mata cewa ba za a taɓa ajiyar ba, sannan ka faɗa mata gaskiyar abin da yake damunka. Washegari ka kira abokinka ka nemi ya gayyace ku a matsayin baƙi. Idan wata ukun sun cika, ka sake rubuto mini abin da kuka gani, ina so in ji.